Tambaya da Amsa: Zafin Bazara da Ruwan Kwari a Garuruwan Bakin Hamada

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karo kusan duk a kan abu biyu suke, zafin bazara da ruwan da ke biyo bayansa. Mafi yawansu daga Agadas da Arlit suka fito, sai 'yan kaɗan daga Tawa da Damagaram. Mun miƙa su ga likita, da injiniyan ruwa, da maginin da ya daɗe a aikin ƙasa, ga kuma amsoshinsu. Mun taƙaita wasu tambayoyin saboda ƙarancin fili.

Assalamu alaikum. An yi mini tayin fili a bayan gari da rabin kuɗin da ake sayar da irinsa a cikin unguwa. Yana gefen wani kwari, amma mai filin ya rantse shekara da shekaru bai ga ruwa ya hau wurin ba. Mu da ruwan shekararmu bai taka kara ya karya ba, ina abin tsoro? (Wani magidanci, Agadas)

Wa alaikumus salam. Malam, ruwan da zai ci gida a irin wannan wuri ba a kansa yake sauka ba. Gaskiya ne ruwan Agadas a yawancin shekaru bai cika wuce milimita 150 ba, kuma kusan duka tsakanin Yuli da Satumba yake zuwa. Amma garin a gindin duwatsun Abzin yake, dutse kuwa ba ya shan ruwa. Abin da ya zuba a can sama, gangarowa yake yi ya haɗu a ƙananan kwaruruka, su kuma su juye cikin manya irin Telwa. Ga lissafin da ya kamata kowa ya riƙe: milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1, lita 1 ke nan. Idan aka yi milimita 30 a kan murabba'in kilomita guda tak, an zubar da lita miliyan 30. To kwarin da ke kwasar ruwan ɗaruruwan murabba'in kilomita fa? Shi ya sa ruwa kan iso gari alhali ko ɗigo ba a yi a cikinsa ba, wani lokacin ma ana ganin taurari.

An gani a farkon Satumba na 2009, lokacin da ruwan Telwa ya fasa shingen da aka yi masa, ya shiga unguwanni, ya rusa dubban gidaje. A Nuwamba na shekarar, ana fara aikin Hajji, ruwan 'yan sa'o'i ya kashe mutum sama da 100 a Jidda, kuma ɓarnar ta fi muni a unguwannin da aka gina a kan hanyar ruwa. Tun daga nan Agadas ƙaruwa take yi. A ƙidayar 2012 ta riga ta haura mutum dubu 100, sai ga zinaren Jado a 2014 ya ƙara jawo jama'a. Duk sabon rufin kwano, duk tsakar gidan da aka shafe da siminti, duk hanyar da motoci suka taka ta yi tauri, ruwa ne da a da ƙasa ke shanyewa, yanzu kuma gudu yake yi zuwa inda ya fi kwari. Saboda haka ko mai filin gaskiya ya faɗa, shaidarsa ta garin da ya wuce ce.

Ka je filin da kanka, a ƙafa, ka duba ƙasa. Farin yashi wankakke da tsakuwa masu sulɓi marasa kaifi, ruwa ne ya kawo su. Laka busasshiya da ta tsattsage alamar inda ruwa ke kwanciya ce. Ka ɗaga kai ka dubi itatuwa: inda ka ga yayi, ciyawa da tsummokaran leda sun maƙale a reshe ko a jikin ƙaya, duk sun karkata gefe ɗaya, nan ruwa ya taɓa kaiwa. Idan goruba da gawo sun yi layi sun fi na kewaye kore, tsohuwar hanyar ruwa ce ko da yashi ya binne ta. Ka lura da inda kwarin ya yi gwiwa. Gefen waje na gwiwar shi ruwa ke zaizaya, ruwa ɗaya na iya cin mitoci daga gaɓar, don haka tazarar da ka gani yau ba ita za ka tarar baɗi ba. Ka ɗauki magini ya zo da farin tiyon nan da suke cika da ruwa su auna daidaiton gini, ya gwada maka tsawon filin a kan alamar ruwa mafi tsawo da kuka samu. Sannan ka tambayi makiyaya da masu lambu da tsofaffin wurin, ba dillali ba, ka kuma je ma'aikatar magajin gari a nuna maka ko filin yana cikin taswirar rabon filaye.

Ra'ayinmu, idan alama biyu daga cikin waɗannan suka bayyana, ka haƙura da shi, arha ba ta ado. Ɗaga daɓen ɗaki da harsashin dutse da siminti suna maganin ruwan da ke kwanciya, amma ruwa mai gudu ta ƙarƙashin harsashi yake rarake ƙasa. Kada kuma shinge ya rufe maka ido. Na 2009 ma shinge ne.

Gidanmu na ƙasa ne, gadon kakanni. Maigida yana so a shafe shi da siminti kafin damina don a huta da yaɓe kowace shekara. Ya dace? (Wata uwargida, Damagaram)

Hajiya, ki lallashe shi ya dakata. Siminti da ƙasa ba sa miƙewa da tsukewa tare. Zafin rana da sanyin dare sukan raba su a hankali, shafen ya tsage, ruwa ya shiga ta tsagar ya kwanta a bayansa, kuma ba shi da hanyar bushewa. Daga waje bango yana sheƙi, a ciki ƙasa ta zama kunu. Wanda ya riga ya shafe nasa ya bi shi da ƙwanƙwasawa, duk inda ya ji ƙarar fanko to ya rabu da bango, a fasa wurin a gyara.

Ginin ƙasa ta wuri biyu ruwa ke cinsa, ta gindi da ta sama, kuɗin simintin can ya kamata su tafi. A gindi, a yi dakali na dutse ko bulo mai tsawon santimita 40 zuwa 50 a jikin bango, da nasa harsashin, samansa ya gangara waje. A cike duk wani rami da ke kusa, ƙasar tsakar gida da ta ƙofar gida ta gangara nesa da bango, a buɗe rariya a tabbatar tana fitar da ruwa. Sauran bangon a yi masa yaɓen da aka sani, ƙasa da ƙaiƙayi ko dandaƙaƙƙiyar ciyawa da kashin dabbobi, a bar kwaɓin ya kwana kwanaki ya ruɓa kafin a shafa. Inda ake samun makuba a sa, tana hana ruwa kama bango.

A sama, magini ya hau soro tun watan Afrilu, ba sai hadari ya fara haɗuwa ba. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ƙara sabuwar ƙasa a kan tsohuwa duk shekara. Kaurin santimita 5 kacal a kan ɗaki mai mita 4 da 4 ya haura tan guda a bushe, balle ya sha ruwa, kuma azara ɗaya ce ke ɗauke da shi tun zamanin kaka. A kankare tsohon kafin a sa sabo. A soka ƙusa a bakin kowace azara inda ta shiga bango, in ta nutse ba wuya to gara ta gama da ita, a canza. Indararo ya fito aƙalla kamu guda daga bango, a liƙe inda ya haɗu da rufi da kyau domin nan yoyo ke farawa, a jera duwatsu inda ruwansa ke faɗuwa don kada ya fantsamo gindin bango. Babban ɗaki a ba shi biyu. In an gama, a hau da bokiti a zuba ruwa a ga inda ya bi. Duk inda ya tsaya, gyara bai ƙare ba.

Hasumiyar babban masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, ta ƙasa ce, kuma tana tsaye tun sake gininta a 1844 saboda ba a fasa yi mata yaɓe ba. Amma ku mutanen Damagaram kun ga yadda tsohon masallacinku ya faɗi a Satumba na 2024 bayan ruwa ya yi ta zuwa a kai a kai. Don haka ki riƙe alamun fita: ƙasa na zubowa daga tsakanin azara, sabuwar tsaga ta tashi daga kusurwar ƙofa ko taga, ƙyaure ya ƙi rufuwa alhali jiya lafiya lau, danshi ya haura gwiwa a jikin bango, ko ƙarar ƙas-ƙas daga rufi. Ko ɗaya aka gani a kwashe yara a fita. Bangon da ya jiƙe sau da yawa ba a cikin ruwan yake faɗuwa ba, sai washegari ko jibi, mutane sun koma ciki sun kwanta.

Mahaifina ya haura shekara 70, yana shan maganin hawan jini. Bara da bazara mun same shi da rana a ɗaki yana sambatu, jikinsa kamar wuta. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce a ba shi farasitamol. Allah ya sa ya tashi a asibiti. In ya sake faruwa me za mu yi? (Wani ɗalibi, Arlit)

Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Abin da ka kwatanta ya yi kama da bugun zafi, wato zafin jiki ya kai digiri 40 ko fiye har ya taɓa ƙwaƙwalwa. Kafin a kai nan akwai matakin galabaita: gumi mai yawa, jiri, ciwon kai, tashin zuciya, ɗaurewar tsoka, amma mutum yana cikin hankalinsa. Wannan a kai shi inuwa, a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, a jiƙa masa jiki, a ba shi ruwa yana kurɓa. In rabin sa'a ta wuce bai farfaɗo ba, asibiti. Abin da ke raba matakan biyu shi ne hankali. Da zarar ka ji magana ta rikice, ko ya kasa gane mutane, ko yana tangaɗi, ko ya suma, ko yana jijjiga, to minti ake ƙirgawa. Kada ka jira ka ga gumi ya ɗauke, wasu suna gumin har a wannan hali.

Sanyaya jiki shi ne farko, tun kafin a samo mota. A fito da shi inda iska ke kaɗawa, a cire masa kaya, a yi ta kwara masa ruwa daga wuya zuwa ƙafa, mutum biyu suna fifita da faifai ko kwali ba tsayawa. Ruwan randa ya isa, in akwai ƙanƙara a naɗe a tsumma a sa a wuya da hammata da matsematsi. Kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen zane a bar shi haka, zanen zai ɗumame ya riƙe zafin, sai dai a riƙa canzawa. Idan matashi ne da ya faɗi a wurin aiki kuma akwai babban baho ko kwamin ruwa, a tsoma shi zuwa wuya wani na riƙe da kansa, wannan ya fi komai sauri. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa komai a baki, ko ruwa ko rubutu, domin huhu zai tafi. A kwantar da shi a gefensa. Farasitamol ba ya aiki a nan saboda ba zazzaɓin cuta ba ne, kuma nauyi yake ƙara wa hantar da zafi ya riga ya jigata. Mai addu'a ya yi addu'arsa hannunsa na zuba ruwa. A cikin mota a buɗe tagogi a ci gaba da jiƙa shi har ƙofar asibiti. Ko ya farfaɗo a hanya a ƙarasa da shi, domin ƙoda kan nuna lahaninta daga baya, kuma sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani su ma haka suke farawa. Sanƙarau ma lokacinsa ke nan.

Tsofaffi sun fi shiga haɗari saboda ƙishirwa ba ta kama su da wuri, guminsu ya ragu, wasu magungunan hawan jini kuma suna sa yawan fitsari. Kada Baba ya daina maganinsa da kansa, amma ku kai wa likitansa kwalayen kafin bazara ya duba. A wakilta mutum ɗaya takamaimai da zai riƙa leƙa shi da hantsi, da azahar, da la'asar, yana miƙa masa kofi a hannu ba sai ya nema ba. Lita 2 zuwa 3 a yini, sai fa in likita ya ƙayyade masa ruwa saboda zuciya ko ƙoda. Fitsari shi ne ma'auni, in ya yi ja ya ragu to ruwa bai isa ba. Shayi ba ya maye gurbin ruwa. In ya yi gumi sosai ko yana gudawa, a haɗa masa ruwan gishiri da sukari: lita 1 na ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kada a ƙara gishirin.

Maganar "mun saba da zafi" ita muke so a rage. A ranar 3 ga Afrilu 2024 an auna digiri 48.5 a Kayes ta ƙasar Mali, kuma a Hajjin shekarar mutum sama da 1,300 suka rasu a cikin tsananin zafi, da yawansu 'yan ƙasashen da su ma sun san rana. Abin da ya fi kisa shi ne kwana biyu ko uku a jere dare bai yi sanyi ba, jiki bai samu hutu ba. A irin waɗannan ranaku tsoho ya kwana a waje cikin gidan sauro, kuma babu laifi ya jinkirta fita azahar, tunda ya tabbata a hadisi cewa a jinkirta ta idan zafi ya tsananta.

Jaririyata wata uku. Surukata ta ce in riƙa ba ta ruwa saboda zafi. (Wata mai jego, Tawa)

'Yar'uwa, Inna tausayi ne ya sa ta faɗa, ki yi mata bayani cikin ladabi. Kafin wata shida nono kaɗai ya wadatar, mafi yawansa ruwa ne. Ruwan da za a ba ta zai cika mata ciki ta rage tsotso, yana kuma iya kawo gudawa. Ke za ki ƙara shan ruwa, ki riƙa ba ta nono a kai a kai. Riga ɗaya mara nauyi ta isa, a cire hula da safa. In kin goya ta kada ki rufe ta ruf da mayafi, zafin bayanki da na mayafin haɗuwa suke yi. Idan fitsarinta ya ragu, bakinta ya bushe, maɗigarta ta faɗa, ko ta yi laushi ta ƙi kama nono, asibiti nan take. Kuma kada a bar yaro a mota a rufe ko na shiga kanti ne a fito, cikin minti 10 zafin ciki kan ƙaru da kusan digiri 10.

Ɗakin haya nake, bulo da kwano, babu silin. Fanka iska mai zafi take hurowa. Ba ni da kuɗin na'urar sanyaya ɗaki. (Wani tela, Agadas)

Zafin ɗakinka daga sama yake sauka, kwano a tsakar rana yakan haura digiri 60. Mafi arha shi ne a wanke rufin a shafa masa farin fenti, ko farar ƙasa in ba hali, a sabunta kafin kowace bazara domin ƙura na dusashe shi. Na biyu silin, ko na tabarma ne ko kwali mai kauri, amma a bar tazara tsakaninsa da kwano, a kuma huda ƙananan kafofi a bango ta gefe biyu a saman silin, a sa musu raga. In ba kafofin, zafi taruwa zai yi a ciki ya sauko maka da dare. Wasu kan shimfiɗa zana a kan rufi bisa sanduna. Yana aiki, sai dai a ɗaure sosai, a nisanta da wayar lantarki, a sauke kafin iskar farkon damina. Bangon yamma shi ke sa ɗaki ya ƙi hucewa har tsakar dare, ka yi masa rumfar zana da 'yar tazara.

Batun taga ya danganta da gini. Soro mai kaurin bango a rufe shi da hantsi a buɗe bayan magariba. Irin naka kuwa da rana cikinsa ya fi waje zafi, don haka a buɗe, kai kuma ka ɗauki kekenka ka koma rumfa. Idan zafin ɗaki ya kai digiri 40, fanka ita kaɗai ƙara maka zafi take yi. Ka jiƙa rigarka ko ka fesa wa jikinka ruwa sannan ka zauna gabanta, a busasshiyar iskar Afrilu da Mayu wannan yana sanyaya jiki ƙwarai. Jiƙaƙƙen buhu a taga ma haka, amma da zarar danshin damina ya shigo amfaninsa ya ragu. Girki da dutsen guga na gawayi a waje, janareta kuma nesa da taga, hayaƙinsa yana kashe masu barci.

Ga masu gidan kansu muna da roƙo: kada a shafe tsakar gida duka da siminti. Da rana yana tara zafi ya sake shi da dare, da damina kuma rufi da daɓe na murabba'in mita 100 suna tura lita 3,000 kan titi a ruwan milimita 30, wato duro 15. A bar wani ɓangare ƙasa, a yi masa ɗan kwari a dasa dogon yaro ko aduwa a ciki, mita 4 zuwa 5 daga bango, a karkata ruwan indararo can.

Ina da leburori takwas a wurin gini. Ruwa nawa ya kamata su sha? (Wani ɗan kwangila, Arlit)

Kofi guda, kamar rubu'in lita, duk minti 15 zuwa 20, ko da ƙishirwa ko babu. Kada ya wuce lita ɗaya da rabi a sa'a, yawansa ba gishiri ma yana da illa, don haka su ci abinci a kan lokaci. Mutum takwas a yinin aiki ka tanadi jarka uku ta lita 25, a inuwa, kusa da hannunsu. Kwaɓa kankare da ɗaukar bulo a fara da asuba a tsaya kafin azahar, a koma bayan la'asar. Ka fi sa ido a kan sabon zuwa da wanda ya dawo daga jinya, jiki na bukatar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya saba, ranar farko ɗan aiki kaɗan za a ba shi a riƙa ƙarawa kullum. Ka haɗa su biyu-biyu kowa na lura da ɗan'uwansa, domin wanda zafi ya fara bugawa ba ya sanin halin da yake ciki. Masu shan ƙwaya don ƙarfin aiki su ne suka fi saurin faɗuwa, ka gaya musu ƙiri-ƙiri.

Ni direba ne. In na tarar kwari ya kawo, yaya zan gane ko zan iya wucewa? (Daga Tawa)

Ba a ganewa da ido, shi ya sa amsarmu ita ce ka jira. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 15, ɗan sama da idon sawu, yana kayar da babban mutum. Santimita 30 na ɗaga ƙaramar mota, 60 na tafiya da babbar mota. Ruwan da zai cika akwati mai mita guda a tsawo da faɗi da zurfi nauyinsa tan guda ne, ga yashi da duwatsu da kututture a ciki. Kuma ruwa mai laka ba ya nuna maka ko kankaren mashigin yana nan ko an rarake shi. Ruwan kwari saurin janyewa gare shi, sau da yawa 'yan sa'o'i ne. Ka ja baya ka hau tudu, ka kafa sanda a bakin ruwan ka ga ko hawa yake ko sauka. Bayan ya janye a taka da ƙafa da sanda kafin mota ta shiga. Fasinja za su matsa maka, wani zai ce ga wata ta wuce, kada ka biye musu. In kuwa mota ta mutu a ciki ruwa na hawa, a kwance bel, a buɗe taga tun lantarki bai ɗauke ba, a fitar da yara tukuna, a hau kan rufi. Da damina kada a yada zango a cikin kwari ko da yashinsa ya fi daɗin kwanciya.

Mun riga mun gina a unguwar da ruwa ke shiga, ba mu da inda za mu koma. Me za mu tanada? (Wata malamar makaranta, Agadas)

Malama, aikin na unguwa ne kafin na gida. Tun watan Mayu a yi gayya a yashe magudanai da bakin kwalbati, leda da yashi ke toshe su, kwalbatin da ya toshe kuwa madatsa ce da za ta juyo da ruwa cikin gidaje. A hana zuba shara da ɗibar yashi a gindin shinge. Mai unguwa ya samu lambobin mutanen ƙauyukan da ke sama a bakin kwarin, su kira da zarar ruwa ya wuce su, a kuma yarda da alama ɗaya da kowa ya sani, kamar lasifikar masallaci. A zaɓi tudun da za a taru da hanyar da ba ta ratsa kwari, a bi ta da yara da rana har su haddace. A rubuta gidajen da ke da tsoho, gurgu, makaho ko mai ciki, kowanne a ba shi matasa biyu da sunansu. Lambar 'yan kwana-kwana a Nijar 18 ce.

A gida, takardun fili, na haihuwa, na makaranta da katin asibiti a sa a leda biyu a cikin bokiti mai murfi, tare da tocila, magungunan mako guda, 'yan kuɗi da abin cajin waya, a rataye kusa da ƙofa. Hatsi da batirin sola a ɗora a kan abin da ya kai ƙugu. Buhunan yashi a cika su rabi ko kashi biyu cikin uku, cikakken buhu ba ya kwanciya ya toshe kafa. A shimfiɗa leda mai kauri a bakin ƙofa, a jera su a kai kamar jeren bulo, kowanne ya hau mahaɗar na ƙasa, a tattake. Layi biyu ko uku ne iyakarsu, kuma ruwan titi suke tarewa, ba na kwari ba. In aka yi kira da dare, a kashe lantarki daga babban makunni da busasshen hannu, a kwance dabbobi, a sa takalmi a fita. Kada a hau rufin soro, kada kuma a koma ɗauko kaya.

Bayan ruwa ya janye, a ɗauka duk rijiyar da ya shiga ta haɗu da masai. Ruwan sha a bar shi ya kwanta, a tace da tsabtataccen ƙyalle, a tafasa ya yi minti guda yana ɓararraka. In da ƙwayar tsarkake ruwa za a yi amfani, a bi adadin litar da aka rubuta a jikin takardarta domin girmansu ya bambanta, a jira minti 30 kafin a sha. Abincin da ruwan ya taɓa a zubar. A duba ƙarƙashin kaya da sanda saboda macizai da kunamu, kada a kunna lantarki sai mai gyara ya duba wayoyin, kada kuma a kwana a ɗakin ƙasa sai magini ya gani. Wanda ya fara zawo kamar ruwan shinkafa a fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun a gida, a ci gaba da ba shi a hanya, a kai shi asibiti a ranar. In za a haƙa sabon masai, ya nisanci rijiya da aƙalla mita 30, ya kasance ta gangaren ƙasa da ita, a kuma ɗaga bakinsa sama da inda ruwan bana ya tsaya.